Kama da Wane Ba Wane Ba Ne: Magungunan Sankara Masu Dabaibaye DNA da Abin da Ke Biyo Majinyaci Gida

A ɗauka wata mata ce daga Roni, mai shekara 42, aka tabbatar mata da sankarar mama a asibitin koyarwa a Kano. Ranar Talata aka yi mata ƙarin ruwa na farko, ta kwana a gidan 'yar uwarta, washegari ta hau mota ta koma gida. Da yamma ta kewaya, sai ta ga fitsarinta ya yi ja.

Abu uku ne ke iya jawo wannan, kuma kowanne da hukuncinsa. Na farko, haɗin da aka fi yi wa masu sankarar mama ya ƙunshi wani jan magani mai suna doksorubisin, wanda launinsa ke fita ta fitsari kwana ɗaya ko biyu, ya wuce ba tare da wata illa ba. Na biyu, tsargiya, wadda duk wanda ya tashi kusa da madatsar ruwa ta Kazaure ko kududdufan ƙauyukanmu ya san ta, har wasu ba sa lissafa ta cikin cututtuka. Na uku, abokin tafiyar jan maganin nan, wato saiklofosfamaid, yana sakin wata guba da ke ƙona bangon mafitsara har ta zubar da jini. Na farko kwantar da hankali kawai yake bukata, na biyu ƙwayar maganin tsargiya, na uku kuwa komawa asibiti a ranar. Ma'aikacin lafiyar da za ta fara tarar wa a Roni ba zai iya rarrabe su ba sai ya san sunan abin da aka zuba mata da ranar da aka zuba. Idan ya tambaye ta, abin da za ta ce shi ne, “Kemo aka yi mini.”

Ra'ayina shi ne wannan kalma guda, kemo, tana cutar da mu. Ta haɗa magunguna masu halaye mabambanta a buhu ɗaya, alhali a Kano ko Zariya ake rubuta maganin, illarsa kuwa sai majinyaci ya koma Gwiwa ko Babura take bayyana. Saboda haka sanin bambancinsu bai kamata ya tsaya a ɗakin likitan sankara ba. Zan ɗauki dangi ɗaya, mafi tsufa kuma wanda ake yawan amfani da shi a ƙasar nan, in nuna abin da nake nufi.

Asalinsu da yadda suke aiki

Daga fagen yaƙi wannan dangi ya fito. A 1917, lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya, aka fara harba iskar guba ta mastad a Beljiyam. Likitocin da suka binciki waɗanda ta kashe sun lura cewa ɓargonsu ya ƙafe, fararen ƙwayoyin jininsu sun kusa ƙarewa. A 1942 wasu masana biyu na Jami'ar Yale a Amurka, Louis Goodman da Alfred Gilman, suka yi tunanin cewa abin da ke kashe fararen ƙwayoyin jini zai iya kashe sankarar da ta samo asali daga gare su. Aka gwada wani ɗan uwan gubar a kan mai sankarar kaluluwa, kumburin ya sace na ɗan lokaci. Sirrin yaƙi ya hana a buga sakamakon sai 1946. Daga nan aka shiga gyara gubar: busulfan, kulorambusil da melfalan suka fito daga wata cibiyar bincike a Landan a shekarun 1950, saiklofosfamaid kuma daga Jamus a 1958, ta hannun Norbert Brock da abokan aikinsa.

Nijeriya na da hannu a wannan tarihi. Sankarar Burkitt, mai kumbura muƙamuƙi ko cikin yara a yankunan da zazzaɓin cizon sauro ya yi katutu, tana cikin sankarorin farko da aka ga magani kaɗai ya warkar da su. A shekarun 1960 Farfesa Victor Anomah Ngu ya yi aiki a kan haka a asibitin koyarwa na Ibadan, kuma a 1972 yana cikin waɗanda aka ba lambar yabo ta Lasker tare da Denis Burkitt. Saiklofosfamaid ne ginshiƙin wannan nasara, har gobe kuma shi ne.

Yadda suke aiki ba shi da wuyar fahimta. DNA, kundin gadon da ke cikin kowace ƙwayar halitta, kamar igiya ce mai tufka biyu. Kafin ƙwaya ta rabu biyu, dole ta warware tufkar ta kwafi kowane zare. Yawancin magungunan wannan dangi, waɗanda masana ke kira masu liƙa alkil, hannu biyu gare su: su kama zare ɗaya da hannu guda, su kama ɗayan da ɗaya hannun, su yi wa igiyar dabaibayi. Ƙwayar da ta tashi rabuwa sai ta kasa, ta mutu. Maganin bai san ƙwayar sankara da lafiyayya ba, shi ya sa ɓargo, bangon hanji, saiwar gashi da ƙwayoyin haihuwa ke shan wuya tare da ciwon. Iyakar abin da ya haɗa su ke nan. Daga nan kowa ya kama hanyarsa.

Wanda hanta ke tayarwa da sharar da yake bari

Saiklofosfamaid, wanda ake gani a kwali da sunan Endoxan, a kwance yake shiga jiki, ba ya kashe komai sai hanta ta sarrafa shi ta hanyar wasu sinadarai, musamman wanda ake kira CYP2B6. Sarrafawar na haifar da abu biyu: wanda ke dabaibaye DNA, da wata shara mai suna akrolin. Ƙoda ke tace akrolin ta tura shi mafitsara, kuma gwargwadon daɗewarsa a can gwargwadon ƙunar da zai yi. Wannan ne dalilin umarnin da ake ba majinyaci: ya sha ƙwayar da safe, ya sha ruwa da yawa, kada ya riƙe fitsari, ya kewaya kafin ya kwanta.

A auna wannan umarni da watan Afrilu a Kazaure, lokacin da zafi ke haura digiri 40, gumi ya kwashe ruwan jiki, fitsari ya ragu ya yi kauri. A auna shi da macen da ke tafiyar mota daga Kano, kunya ta hana ta cewa direba ya tsaya. A auna shi da watan azumi, inda majinyaci mai himma zai ƙi ajiye azumi duk da sauƙin da addini ya yi wa mara lafiya. Kowanne daga cikin waɗannan na ƙara wa akrolin lokacin zama a mafitsara. Ga kuma mafitsarar da ƙwan tsargiya ya shekara da shekaru yana yi wa miki. Gwajin fitsari a madubin asibiti ba tsada gare shi ba, maganin tsargiya ma haka. A ganina duk wanda ya fito daga yankin madatsai da fadamu ya cancanci a duba shi kafin allurar farko.

Dogaro da hanta na da wani sakamako. Magungunan da ke hanzarta aikinta, irin su rifamfisin na tarin tibi da wasu tsofaffin magungunan farfaɗiya, suna sauya yadda ake tayar da saiklofosfamaid. Dole likita ya ji labarin duk abin da majinyaci ke sha, har da jiƙo da sassaƙe.

Ifosfamaid, mai sunan kasuwa Holoxan, tagwayen saiklofosfamaid ne a ƙira, matsayin hannu ɗaya kawai aka sauya. Wannan ɗan sauyi ya sa hanta ke jinkirin tayar da shi, sai an ba da mai yawa, akrolin ya ƙaru. Shi ya sa ba a ba da shi sai tare da mesna, maganin da ke kama akrolin a cikin fitsari ya kashe masa kaifi. Ban da haka yana sakin wata shara ta daban mai taɓa ƙoda da ƙwaƙwalwa. Majinyaci na iya shiga magagi, ya rikice, ya riƙa ganin abin da babu, ko ya suma. A gidajenmu an san fassarar da za a yi wa wannan: iska ce, a nemo mai ruƙiyya. Haɗarin ya fi yawa ga wanda sinadarin albumin na jininsa ya yi ƙasa, wato ramammen da ya daɗe bai ci abinci sosai ba, kuma haka yawancin majinyatanmu ke isa asibiti. Ɗaya daga cikin abubuwan da ake magance rikicewar da su shi ne shuɗin metilin, shi kuma yana farfasa jajayen ƙwayoyin jinin mai ƙarancin sinadarin G6PD, yanayin gado da ya yawaita a tsakanin mazan Afirka ta Yamma. Ifosfamaid magani ne mai amfani ga sankarar ƙashi da ta tsoka, amma na kwance a gadon asibiti ne, inda ake auna ƙoda kullum.

Kowanne da ranar da yake buga ɓargo

Bambancin da ya fi kashe mutane shi ne na lokaci. Bayan allurar saiklofosfamaid, fararen ƙwayoyin jini kan kai ƙasa tsakanin kwana 7 zuwa 14, su farfaɗo wajen kwana 21. Dalilin da ya sa ake tazarar mako uku ke nan. Ɓargo na farfaɗowa da wuri ne saboda uwayen ƙwayoyin jini na da wani sinadari da ke kashe maganin kafin ya illata su.

Da yawa daga cikin sauran dangin ba su da wannan rangwame. Melfalan, wato Alkeran, da ake ba masu sankarar ɓargo, ya fi jinkirin bugu da jinkirin saki, kuma idan ƙoda ta raunana, kamar yadda ta saba yi a wannan ciwo, yakan taru a jiki. Busulfan, wato Myleran, uwayen ƙwayoyin yake kaiwa hari, ɓargon da ya buga kan daɗe bai tashi ba, wani ma ba ya tashi. Yana kuma duhunta fata, yana sa huhu ya yi tabo bayan dogon amfani. Ya shekara da shekaru yana riƙe da masu wata sankarar jini mai tafiyar hawainiya, har wasu magunguna suka karɓe shi, daga baya kuma imatinib ya fito a 2001. Yau babban aikinsa shi ne share tsohon ɓargo kafin dashen sabo, irin dashen da aka fara yi wa mai sikila a Nijeriya a asibitin koyarwa na Benin a 2011. Lomustin kuwa, wanda ke narkewa cikin kitse har ya tsallaka shingen da ke tsare ƙwaƙwalwa, sai bayan mako 4 zuwa 6 bugunsa ke bayyana. Sau ɗaya ake shan sa a mako 6. Wanda ya ɗauke shi kamar sauran ƙwayoyi, safe da yamma, ya sha ajalinsa. Temozolomaid, wato Temodal, shi ma na sankarar ƙwaƙwalwa ne, amma ba ya jiran hanta, da kansa yake rikiɗa a cikin jini, kuma yawanci kwana 5 ake shan sa a cikin kowane 28.

Mu koma ga matar Roni. Kwana 10 bayan allura, tana gida, jikinta ya yi zafi. A yankin da kowane zazzaɓi maleriya ne har sai an ga akasi, abin da za a yi sananne ne: a aika yaro kemis. To amma a wannan rana garkuwar jikinta a ƙasa take, ƙwayar cutar da da can ba za ta dame ta ba na iya shiga jini ta kashe ta cikin kwana ɗaya. Ƙa'idar duniya ita ce mai shan waɗannan magunguna idan zafin jikinsa ya kai digiri 38, a kai shi asibiti nan take, a auna jini, a fara allurar kashe ƙwayoyin cuta cikin awa guda. A gwada maleriya, a yi maganinta idan an samu, amma samunta bai kore ɗayan haɗarin ba.

Firji, zafi da kwanon abinci

Akwai bambancin da littattafan Turai ke ambata a layi guda, mu kuwa a wurinmu shi ne rabin magana. Ƙwayoyin kulorambusil, wato Leukeran, da na melfalan a firji ake ajiye su, tsakanin digiri 2 zuwa 8. Kulorambusil magani ne mai sauƙin hali, hanji na tsotse shi da kyau, ya dace da dattijo mai sankarar jini mai tafiya a hankali wanda ba zai iya zaryar asibiti ba. Amma gida nawa ne a Gwiwa ke da firjin da ke kwana da sanyi? Randa na sanyaya ruwa, ba ta kai digiri 8. Garin saiklofosfamaid na allura shi ma zafi na narkar da shi a cikin kwalba, kuma masu yin sa sun ce wanda ya narke kada a yi amfani da shi. Wannan abin lura ne ga iyalin da aka ba takarda suka sayo magani a kasuwa, ya wuni a cikin mota a rana. Melfalan na baki kuma abinci na rage shigarsa jini, sai a sha shi ciki babu komai. Majinyata biyu na iya shan adadi ɗaya, abin da ya isa jininsu ya bambanta ƙwarai.

Bashin da ake biya daga baya

A cikin duk magungunan sankara, wannan dangi ne ya fi lalata ƙwayoyin haihuwa. Namiji na iya rasa maniyyi mai rai na ɗan lokaci ko na dindindin, gwargwadon jimillar abin da ya sha. Mace kuwa shekarunta ne ma'auni: wadda ta doshi 40 ta fi 'yar 25 haɗarin ɗaukewar al'ada gaba ɗaya. A al'ummar da haihuwa ke riƙe da aure, ɓoye wannan ga ma'aurata zalunci ne, ko da tausayi ya jawo shi. Akwai kuma kishiyarsa: ɗaukewar al'ada ba ta nufin ciki ba zai shiga ba, maganin kuma na nakasa ɗan tayi, musamman a watanni ukun farko, yana kuma fita a ruwan nono. Wani ƙaramin kaso na waɗanda suka warke kan kamu da sankarar jini bayan shekara 5 zuwa 7, melfalan ya fi saiklofosfamaid wannan haɗari.

Sanin waɗannan ne ya sauya magani a duniya. Haɗin farko da ya warkar da sankarar Hodgkin a shekarun 1960 ya bar da yawa ba haihuwa. Haɗin da Gianni Bonadonna ya fito da shi a Milan a shekarun 1970, mai ɗauke da dakarbazin, ya maye gurbinsa saboda yana warkarwa kuma yawanci yana barin haihuwa. Kwatanta magungunan ne ya jawo wannan ci gaba.

Jikinmu ma na da nasa bayani. Yawancin mutanen Afirka ta Yamma ba su da sinadarin Duffy a kan jajayen ƙwayoyin jininsu, kuma adadin wani rukuni na fararen ƙwayoyinsu kan yi ƙasa da na Turawa ba tare da wata cuta ba. Idan ba a auna majinyaci kafin allurar farko ba, ana iya ɗage masa magani a banza saboda ma'aunin da ba da shi aka tsara ba. Binciken ƙasa na 2018 kuma ya nuna kashi 8.1 cikin 100 na 'yan Nijeriya masu shekara 15 zuwa 64 na ɗauke da ciwon hanta nau'in B. Idan magani ya danne garkuwa, ƙwayar cutar na iya farkawa ta lalata hanta, alhali gwaji kafin farawa da ƙwaya ɗaya a rana na hana haka.

Ƙorafin da ya cancanci amsa

Mai karatu na iya cewa wannan duk alatu ne. Hukumar binciken sankara ta duniya ta ƙiyasta cewa a 2022 kusan mutum 128,000 suka kamu da sankara a Nijeriya, kusan 80,000 suka mutu. Yawancinsu ciwon ya yi nisa kafin su ga likita, wasu kuɗin mota ne ya hana su komawa zagaye na uku. Ina amfanin maganar akrolin ga wanda ya sayar da gonarsa? Wani kuma zai ce sanin illoli zai ƙara tsorata mutanen da dama ke gudun asibiti.

Ƙorafin farko gaskiya ne, kuma shi ya ƙara wa maganata nauyi. Iyalin da suka sayar da shanu suka kai 'yarsu Asibitin Koyarwa na Aminu Kano ko na Jami'ar Ahmadu Bello a Shika, sun riga sun tsallake shinge mafi tsawo. A rasa ta a kwana na 10 saboda zazzaɓin da allurar kuɗi kaɗan za ta magance, asara ce a kan asara. Kuma kowace irin wannan mutuwa na komawa gari da labari guda, cewa kemo ne ya kashe ta, mata goma su ji su ɓoye ƙullutun da ke ƙirjinsu. Game da tsoro kuwa, abin da ya auko ba zato shi ke sa gudu. Wanda aka gaya masa gashi zai zube ya dawo, fitsari zai yi ja kwana biyu, kwana kaza ne na haɗari, idan abin ya zo yadda aka faɗa sai amincewarsa da likita ta ƙaru.

Abin da za a iya yi bana

Babu wanda ke cewa a buɗe sashen sankara a Roni. Abin da nake kira gare shi ƙarami ne. Kowane majinyaci ya bar asibitin koyarwa da kati a aljihu, da Hausa da Turanci, ɗauke da sunan kowane magani, ranar da aka ba shi, kwanakin haɗari, alamomin da ke wajabta komawa asibiti, da lambar wayar da ake ɗauka. Manyan asibitocin Kazaure da Babura su zama tashar farko: su iya ƙidaya ƙwayoyin jini a kowace rana ta mako, su ajiye alluran da ake bukata, ma'aikatansu su san cewa mai wannan kati ba ya bin layi. Babura na bakin iyakar Nijar, don haka amfanin zai tsallaka har can. Likita kuma kafin ya rubuta ƙwayar firji ya tambayi inda za a ajiye ta, domin maganin da ya fi a takarda yana iya zama mafi rauni a gidan da babu wuta.

Saura namu, masu karanta irin wannan rubutu. A kowane dangi akwai wanda ake kira idan an shiga asibiti, malamin makaranta ko ma'aikacin banki ko lauya, wanda ake miƙa wa takarda a ce ya duba. Idan kai ne, kada ka sauya adadin magani, kada ka ba da shawarar dainawa, wannan aikin likita ne. Naka shi ne ka tambayi sunan kowane magani ka rubuta, ka tambayi ranar da jini zai fi yin ƙasa, da inda za a ajiye ƙwayar, da abin da zai faru da haihuwa, da ko an gwada hanta da fitsari. Ka tabbatar ba a farfasa ƙwayar ba, mai ciki ba ta taɓa ta ba, yara ba su kai gare ta ba. Ka sayi ma'aunin zafin jiki ka bar shi a ɗakin majinyaciyar, ka koya wa wanda ke kwana da ita yadda ake karanta 38.